Hosfot: Mai Awo Ba Ya Zaɓa wa Mai Saye Tukunya

Hosfot hanya ce da wayar hannu ke raba datar da ke kan layinta ga wasu na'urori da ke kusa da ita, ko wata wayar ce, ko kwamfutar cinya, ko talabijin mai hawa intanet. Wayar tana karɓar sabis daga turken kamfani kamar yadda ta saba, sannan ta buɗe 'yar ƙaramar da'irar Wi-Fi wadda da ƙyar take wuce faɗin tsakar gida, duk wanda aka ba kalmar sirri sai ya shiga. Ana iya yin haka da igiyar caji ko ta Bluetooth. Wayoyin Android sun zo da wannan dama tun 2010, na iPhone kuma suka samu irin ta Wi-Fi a 2011. Tun daga lokacin kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suke neman yadda za su sa mata linzami. Wani ya toshe ta ɗungurungum, wani ya yanka mata kuɗi na daban, wani ya ware mata ɗan kaso daga cikin datar, wani kuma ya bar ta a buɗe amma ya rage mata gudu.

A Hayin Banki, unguwar da ke maƙwabtaka da Kawo a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, wannan ba maganar 'yan gayu ba ce. Akasarin gidajen unguwar ba a ja musu igiyar intanet ba, rauta kuma ba kayan da ake samu a kowane ɗaki ba ne. Waya ita ce igiyar, ita ce rautar. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, za a tarar mutum ɗaya ko biyu ne ke iya sayen datar wata, sauran sai ta kwana ɗaya ko ta mako, in ta samu. Da an idar da sallar isha'i an zauna a tsakar gida, sai a fara jin "Yaya, ɗan jona ni," ko "Anti, kunna min hosfot minti biyar in tura aiki." Ɗalibar Jami'ar Jihar Kaduna da aka ce ta tura aikin aji kafin sha biyun dare a kwamfuta ta rubuta shi, kwamfutar kuwa ba ta da wurin sa layi. Yaron da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, yana bukatar hannunsa ya saba da madannai, ba da shafa gilashin waya kawai ba. Mai POS a bakin titin Kawo, idan layin na'urarsa ya ɗauke, wayarsa yake jona mata don kada mai cire kuɗi ya wuce wurin na gaba. Mai shagon buga takardu da cike fom, kwamfutarsa da firintarsa duk a kan waya ɗaya suke rataye.

Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan ɗabi'a, kuma lissafin talaka ne. Kamfanoni suna sayar da data kamar yadda ake sayar da hatsi: mai sayen buhu ya fi mai sayen mudu samun sauƙi, mai sayen mudu ya fi mai sayen gwangwani. Wanda ke sayen 'yan mega kullum, idan aka tara abin da ya kashe a wata aka raba da yawan gigar da ya samu, shi ya fi kowa biyan tsada. Hosfot ne ke ba mutanen gida ɗaya damar yin karo-karo su sayi buhu maimakon kowa ya riƙa zuwa da gwangwaninsa. Bukatar yin hakan ta ƙaru tun Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, a daidai lokacin da mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna yake naira 72,000, kuma mutanen unguwa da dama ko albashin ba su da shi.

A Najeriya, tsarin data na gama-gari, wanda ake sayen giga kaza na kwana kaza, yana aiki da hosfot ba tare da wata tangarɗa ba, kuma wannan abin a yaba ne. Takunkumin ta bayan gida yake shigowa, ya kuma daɗe yana shigowa. Waɗanda suka riƙe waya a zamanin BlackBerry, wajen 2012 zuwa 2014, ba su manta ba. Datar BlackBerry ta fi ta sauran wayoyi araha nesa ba kusa ba, sai dai an ɗaure ta da irin wayar. Matasa suka yi ta neman hanyar amfani da ita a Android da modem, har ta kai ana zuwa wurin masu gyaran waya a sauya wa waya lambar shaidarta, wato IMEI, don kamfani ya ɗauka BlackBerry ce. Kamfanoni suna toshewa, samari suna gano wata ɓarakar. Sauya IMEI ba abin da za a goyi baya ba ne, domin da irin wannan dabara ake ɓatar da sawun wayar sata. Amma abin da ya jefa mutane cikinta shi ne an sa wa kaya iri ɗaya farashi biyu, bambancin kawai sunan da ke jikin wayar.

BlackBerry ta wuce, tunanin bai wuce ba. Yau ana ganinsa a ƙananan tsare-tsaren da aka keɓe wa manhajoji, datar WhatsApp kaɗai, ko ta Facebook, ko ta YouTube. Mai wannan tsari idan ya kunna hosfot, sau da yawa na'urar da ta jonu ko dai ta ƙi buɗe komai, ko ta koma cin babbar datarsa ba tare da ya ankara ba. Ana ganinsa a layukan da ake sayarwa tare da rauta ko MiFi, masu tsarin da mai layin waya ba zai iya saya ba. Ana kuma ganinsa a tsarin da ake kira mara iyaka, wanda a can ƙasan sharuɗɗansa, cikin ƙananan haruffa da Turanci, ake samun adadin da in an kai shi gudu zai koma na hawainiya. A wannan na ƙarshen ne kamfanonin ƙasashen waje suka fi cusa sharaɗin hosfot. Yayin da 5G ke yaɗuwa a manyan biranen Najeriya tun bayan da MTN ya fara shi a 2022, kuma tallar mara iyaka ke ƙaruwa, babu wani dalilin zaton cewa kamfanonin nan gida ba za su yi sha'awar irin wannan sharaɗi ba.

Mutane kan yi mamakin yadda kamfani ke gane an kunna hosfot alhali waya ɗaya ce ke magana da turke. Hanyoyin sanannu ne. Duk ɗan ƙunshin bayani da ke tafiya a intanet yana ɗauke da wata lamba da ake kira TTL, wadda ke raguwa da ɗaya duk sanda ya ratsa wata na'ura. Android da iPhone suna farawa da 64, Windows kuma da 128. Idan kamfani ya ga ƙunshi ya iso daga layin waya da 63 ko 127, ya san ba wayar ce ta haife shi ba, ratsa ta kawai ya yi. Wasu kamfanonin suna saita waya ta yadda zirga-zirgar hosfot za ta bi wata ƙofa ta daban, wato wani APN, a ƙidaya ta ita kaɗai. Wasu suna duban irin wuraren da ake ziyarta: layin da ke sauke sabuntawar Windows ba waya ce ke amfani da shi ba. Lambobi 8 na farkon IMEI kuma suna bayyana ƙirar na'ura, da su ake gane ko layi a waya yake ko a rauta. A wasu ƙasashen ma wayar da kanta take tambayar kamfani izini kafin maɓallin hosfot ya kunnu. Abin lura shi ne duk waɗannan hanyoyi suna bukatar kamfani ya leƙa cikin kayan abokin cinikinsa fiye da yadda aikin isar da saƙo ke bukata.

Kamfanoni suna da hujja, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Turke ɗaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa kuma rabawa suke yi. Wanda ya zauna Kaduna ya san yadda sabis ke nauyi tsakanin magariba da sha ɗayan dare. Zangon iskar da ake aika saƙo ta cikinsa da tsada ake sayensa: a gwanjon 5G na Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Turaku da dizal suke kwana saboda wuta ba ta tsayawa, masu aikin titi suna yanke igiyoyin ƙarƙashin ƙasa, kayan aiki da dala ake shigo da su, darajar naira kuma ta faɗi warwas bayan Yunin 2023. MTN Najeriya ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a shekarar 2024. Sannan tsarin mara iyaka an yanka masa farashi ne bisa kiyasin abin da mutum ɗaya zai iya ci a waya ɗaya. Idan gida guda, ko layi guda na shaguna, suka rataya a kansa dare da rana, lissafin ya rushe. A 2015 shugaban kamfanin T-Mobile na Amurka, John Legere, ya fito fili yana kokawa da wasu masu ɓoye hosfot ɗinsu da ya ce suna cin har tera 2 a wata, wato kusan giga 2,000.

Sai dai wannan hujja iyakarta tsarin mara iyaka. Ba ta taɓa datar da aka auna ba ko kaɗan. Wanda ya biya kuɗin giga 20, giga 20 ya saya. Turke bai san bambanci tsakanin gigar da ta ƙare a wayar maigida da wadda ta ƙare a kwamfutar 'yarsa ba, nauyinsu ɗaya ne. Idan mutum biyar suka taru a kanta za ta ƙare da wuri, a koma a sayi wata, kamfani ne ma da riba. Mai awo a kasuwar Kawo idan ya auna wa mace mudun shinkafa ta biya, ba ya bin ta gida ya ce a tukunya kaza za a dafa, ko mutum nawa za su sa hannu a kwano. Haƙƙinsa ya ƙare a kan mudu da kuɗi. A shari'ar ciniki da mutanen unguwa suka tashi a cikinta, abin da aka saya aka biya ya zama mallakar mai saye, kuma sharaɗin da aka ɓoye wa mai saye har sai bayan ya biya, algus ne.

Ko a tsarin mara iyaka ɗin, toshe hosfot ba shi ne maganin cunkoso ba. Cunkoso abu ne na lokaci da wuri, ba na irin na'ura ba. Saurayin da ke kallon ƙwallo a wayarsa da ƙarfe tara na dare ya fi ɗora wa turke nauyi a kan malamin makaranta da ke shigar da sakamakon ɗalibai a kwamfuta da asuba. Kamfanin da ke tsoron masu wuce gona da iri yana da hanya madaidaiciya: ya faɗi adadi, ya faɗi gudu, ya faɗi abin da zai faru bayan an kai adadin, ya daina kiran abu mara iyaka alhali yana da iyaka. Idan ya bar wannan ya koma bin diddigin wace na'ura ce ke shan data, to abin da yake karewa ba turke ba ne. Yana so ne ya sayar wa gida ɗaya intanet sau biyu ko uku, na waya daban, na rauta daban, na kwamfuta daban. A unguwar masu hali wannan ƙarin kashe kuɗi ne. A Hayin Banki yana nufin kwamfutar za ta zauna ba intanet.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi wannan gardama har gaban hukuma da kotu. A Amurka, kamfanin Verizon ya sayi wani zangon iska a gwanjon 2008 bisa sharaɗin ba zai hana mutane amfani da na'ura ko manhajar da suka zaɓa ba. Da aka same shi da sa a ɓoye manhajojin hosfot daga rumbun Android, hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta sa ya biya dala miliyan 1.25 a Yulin 2012, ya kuma janye. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2015 wadda ta ba mai amfani da intanet 'yancin amfani da na'urar da ya ga dama, ƙungiyar hukumomin sadarwar nahiyar kuma ta bayyana cewa hana hosfot na iya saɓa wa wannan 'yanci. A Birtaniya, bayan binciken hukumar Ofcom a 2018, kamfanin Three ya cire takunkuman hosfot daga tsare-tsarensa. Shari'ar da ta fi kama da abin da ake gani a Najeriya ita ce ta Vodafone a Jamus. Kamfanin yana da wani tsari da ba a ƙidaya datar wasu zaɓaɓɓun manhajoji, amma da zarar an bi ta hosfot sai a fara ƙidayawa. Ƙungiyar kare masu saye ta kai ƙara, ranar 2 ga Satumba, 2021, Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa tsarin da sharaɗinsa sun saɓa wa doka. A Mayun 2023 kuma babbar kotun tarayya ta Jamus ta soke wani sharaɗi na kamfanin Telefónica da ya hana sa layin mara iyaka a rautar gida. Waɗannan kamfanoni ba su durƙushe ba, sun koma gasa ne a kan adadi da gudu da farashi.

Najeriya ba ta rasa tubalin gina irin wannan ka'ida ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC alhakin kare masu amfani da layi da amincewa da farashi kafin a fitar da shi. A 2019 hukumar ta fitar da ka'idar aiki ta intanet wadda ta hana toshe halattattun abubuwa ko rage musu gudu, in ba don bukatar tafiyar da sabis da ta dace ba. A 2024, ƙarƙashin Aminu Maida, ta umarci kamfanoni su rage yawan tsare-tsarensu masu rikitarwa su kuma bayyana sharuɗɗansu a sarari. Abin da ya rage shi ne a ambaci hosfot da sunansa. Ya kamata a rubuta cewa duk datar da aka sayar da awo, mai ita zai sha ta a na'urar da ya so. Tsarin da ke da wani sharaɗi game da hosfot, ko wanda aka ɗaure da manhaja ko na'ura, a nuna sharaɗin a allon da mutum ke gani idan ya danna *312#, kafin a cire masa kuɗi, ba a wani shafin intanet da sai ya kashe data kafin ya karanta ba. A kuma rubuta shi da Hausa. Kamfanin da ya iya tallar garaɓasa da Hausa a rediyon Kaduna da allunan titin Ali Akilu ya iya rubuta sharaɗinta da Hausa.

Jama'a suna da bakin magana a nan, domin ba da dukiyarsu kaɗai kamfanoni ke aiki ba. Zangon iska mallakar ƙasa ne, lasisi ake ba su na wasu shekaru. A 2020, lokacin da ake neman jihohi su sauko da kuɗin haƙa hanyar igiyar intanet zuwa naira 145 kan kowace mita, gwamnatin jihar Kaduna ta Nasir El-Rufa'i yafe kuɗin ta yi gaba ɗaya, don intanet ya isa ga mutane da sauƙi. Wanda aka yi wa wannan rangwame da sunan talakawa, ba laifi ba ne a tambaye shi abin da ya isa gare su.

Akwai wani ɓangare da ya kamata a raba shi da hosfot na gida, wato na masu sayarwa. A wasu shagunan cajin waya da gidajen kallon ƙwallo ana ba da kalmar sirri a karɓi kuɗi na awa ko na yini. Wannan kasuwanci ne, sayar da sabis na sadarwa ga jama'a kuma yana ƙarƙashin lasisin hukuma. Kamfani yana da damar cewa tsarin mutum ɗaya ba na sari ba ne. Amma yawaitar irin waɗannan shaguna shaida ce cewa akwai bukatar da ba a biya ba, ta mutanen da naira 100 ko 200 kawai za su iya fitarwa a lokaci guda. Abin da ya fi dacewa shi ne a samar da tsarin sari mai sauƙin rajista ga ƙananan 'yan kasuwa, maimakon a fake da su a ƙuntata wa uwar da ta jona wa ɗanta.

Mai hosfot shi ma yana da nasa nauyin. Tun Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, duk abin da aka aikata ta kan layi, sunan mai layin ne zai fara fitowa. Wanda ya ba baƙo kalmar sirri, baƙon ya yi damfara da ita, shi za a fara nema. Don haka kalmar sirri ba ta zama 12345678, ana kuma sauya ta lokaci-lokaci, ana duba jerin na'urorin da suka jonu, wanda wayoyi da dama ke nunawa. Wani kaso na ƙorafin "sun cinye min data" daga nan yake tasowa: kwamfuta tana ɗaukar hosfot a matsayin Wi-Fi na kyauta, sai ta shiga sauke sabuntawa da ajiye hotuna a bayan fage, haka ma wayar da aka jona. A Windows akwai saitin da ake shaida wa kwamfuta cewa wannan haɗin na awo ne, sai ta dakatar da yawancin waɗannan. Wayoyin Android da dama kuma suna ba da damar ƙayyade yawan na'urorin da za su shiga, wasu har da yawan megar da za a sha kafin hosfot ya mutu da kansa.

Wanda ya tabbatar datarsa ta awo ce amma hosfot ya ƙi aiki, ko ya ga ana cire masa abin da bai sha ba, zai fara ne da kiran kamfaninsa a 300, lambar da duk kamfanoni ke amfani da ita tun 2023, ya karɓi lambar ƙorafi ya ajiye. In ba a warware masa ba, sai ya kira NCC a 622, kyauta ne, ya ba da wannan lambar tare da ranar da ya sayi tsarin da sunansa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ma tana karɓar ƙorafi kan sharaɗin da aka ɓoye ko tallar da ta saɓa wa abin da aka sayar. Hoton allon da ke nuna abin da aka yi alkawari lokacin saye, da na ragowar data kafin kunna hosfot da bayan kashe shi, wanda ake gani ta *323#, su ne shaidar da ta fi amfani a irin wannan ƙorafi.